Amsar Gwaggo kan fitar da Kaka cin abinci

Wa alaikumus salam 'yata, ya gida ya aiki, ya yaran? Na ga saƙonki, ban so in amsa miki a tsaye ba ne shi ya sa sai yanzu. Kin ce ku jikoki kun haɗa kuɗi kuna so ku fitar da Kaka gidan abinci ranar da za ta cika shekara 80, kina tambaya ko hakan ya dace da girman tsohuwa, a yi mata bazata ko a faɗa mata, kuma wane irin wuri za ku nema. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku.

Toh maganar dacewa ba ta da tsawo, ya dace mana, in dai ita tana so. Amma bazata kam ku cire ta a ranku. Babba ba a ɗaukarsa kamar kaya a kai shi wuri, zuwa ake a gaishe shi a ce ga abin da muke so mu yi miki, kin yarda? Ki bar ta ta san ranar, ta zaɓi kayan da za ta sa, ta faɗi wanda take so a kira, wataƙila ma ki ji ta ambaci wata ƙawarta da ku ba ku ko tuna da ita ba. Rabin daɗin abin a wurinta jiran ranar ne.

Yanzu wurin, nan ne nake so ki saurare ni da kyau. Ku yara in za ku zaɓi gidan abinci hotuna kuke dubawa a Instagram, fitilu da ado da inda za a tsaya a ɗauki hoto. Ni kuma abu ɗaya nake so ki auna komai da shi, kunnen Kaka. In ba za ta ji abin da ake cewa a teburin da aka haɗa dominta ba, to kun kashe kuɗi ne kawai kun ajiye ta a gefe tana murmushi tana gyaɗa kai, kuma kin san halinta, wallahi ba za ta taɓa cewa ba ta ji ba, sai dai ku ga ta yi shiru ku ce gajiya ce.

Ba ita kaɗai ba ce, haka tsufa yake zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai takura musu, a Amurka kuwa lissafin hukumomin lafiyarsu ya nuna kusan rabin waɗanda suka wuce 75 ji yana ba su wahala. Kuma siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, irin su s da f da sh, da muryar yara ƙanana, shi ya sa za ki ji tana cewa ina jin ku amma ban gane me kuka ce ba. A ɗaki shiru tana cike gurbin da hankalinta, amma in aka haɗa mata da ƙarar cokula da kiɗa da surutun teburin kusa, shi ke nan an raba ta da hirar.

Ga kuma wani abu da ke faruwa a wuri mai hayaniya, kowa ɗaga murya yake ba tare da ya sani ba, na kusa da shi ma ya ɗaga don ya fi shi, a haka ɗakin yake ta hawa. Wani likitan kunne Bafaranshe mai suna Lombard ne ya bayyana wannan tun 1911. Hirar yau da kullum tana wajen desibel 60 a ma'aunin ƙarfin sauti, gidan abinci in ya cika yakan kai 80, kuma kar ki ga kamar ashirin ɗin kaɗan ne, duk ƙarin 10 kunne yana jinsa kamar an ninka ƙarar sau biyu, kin ga 80 kamar ninki huɗu ke nan. Akwai manhajar auna ƙara a waya, ke da ba kya ajiye wayar nan sai ta yi miki rana.

Amma ni na fi yarda da ƙafa. Ki je da kanki, a irin ranar da irin lokacin da za ku yi taron, don wurin da yake tsit da rana tsakar mako zai iya zama tashar mota daren ƙarshen mako. Ki tafi da ƙanwarki ku zauna kuna fuskantar juna ku yi magana da muryar da kuke yi a gida, in kin ga sai kin miƙo wuya ko kin ce na'am me kika ce, ku tashi kawai, abin da ya ba ki wahala ke mai kunnen ƙuruciya Kaka ba za ta iya ba. Ki duba ƙasa ki duba sama. Tayil da gilashi da bangon siminti da rufi mai tsawo duk maido da sauti suke, kafet da labule masu kauri da kujeru masu kushin da ƙyallen tebur su kuma shanye shi suke. In kicin ɗin a buɗe yake, ko akwai injin markaɗa kusa, ko katuwar talabijin da ake nuna ƙwallo, kar ma ki ɓata lokacinki. Sannan ki nemi manaja ki tambaye shi kai tsaye, za ku iya rage mana kiɗa a ɓangarenmu, kuma akwai wani babban taro da aka kama a daren? Yadda zai amsa miki ma ya ishe ki sanin irin wurin.

In suna da ɗaki na daban ya fi, amma ki shiga ki tafa hannu sau ɗaya ki ji, wani ƙaramin ɗakin amsa-kuwwarsa ta fi ta falon. Teburi kuma ki nemi mai zagaye a kusurwa, dogon teburi raba hira yake gida uku. Ki zaunar da ita bayanta ga bango tana ganin fuskar kowa, wanda ta fi son hira da shi ya zauna ta gefen kunnenta na dama tunda shi ya fi ji. Ƙanin Kaka da ke sa na'urar ƙara ji a kunne shi akasin haka ne, yawancin na'urorin yanzu suna rage ƙarar da ke zuwa ta baya, to shi gara ya juya wa hayaniyar baya.

Kar ki manta haske. Wuraren nan masu duhu-duhu da kyandir a tebur ku suke burgewa, amma hasken da ke isa cikin idon ɗan shekara 60 bai fi kashi ɗaya cikin uku na ɗan 20 ba, balle 80, kuma mai raunin ji da bakin mai magana yake ƙarasa ji ko da bai san yana yi ba.

Sauran ƙanana ne, kin san su. Babu bene, mota ta iya sauke ta a bakin ƙofa, banɗaki kusa, kujera mai hannu da za ta dafa ta miƙe, kar a sa ta ƙarƙashin na'urar sanyi. Ku fara da wuri don kar abinci ya wuce lokacin maganinta, ki kira su tun kafin ranar a rage mata gishiri a kawo mai taushi. Mutane kuma kar su yi yawa, ni da za ki bi tawa shida zuwa takwas, yara ƙanana su zo su gaishe ta a gida washegari, na san iyayensu za su yi ƙorafi, ki ce ni na ce.

Kuɗi ki biya a gefe tun kafin a zauna, kar a kawo takarda gabanta ku fara lissafi, ranta zai ɓaci ta ce an yi asara dominta. Ki kuma ja wa ma'aikatan kunne kar su fito mata da waƙa da tafi jama'a suna juyowa suna kallonta. A teburin mutum ɗaya ya riƙa magana a lokaci guda, yana kallonta, a hankali ba da ihu ba, ihu ƙara dagula kalmomin yake, in ba ta gane ba a sake faɗa da wasu kalmomin, kar wanda ya ce mata a bar shi kawai ba komai. Wayoyi kuma a jaka, a yi hoto ɗaya a farko a gama.

Ki sa yayanki ya zama shi ne direbanta, da zarar ta fara gyara zama tana duban ƙofa ya tashi ya kai ta gida, ku kuma ku ci gaba da hirarku. Ki turo min wurare biyu da kika gani, in kin sa ranar dubawa ki biyo ta nan mu tafi tare. Ki gaida maigidan da yaran.