Na kasa addu'a tun da maigidana ya rasu, ko bangaskiyata ta tafi?

'Yar'uwa daga Marwa, kin ce wata huɗu ke nan da rasuwar maigidanki, bakinki ya ƙi addu'a, har kina jin haushin Allah. Sannu da rashi, Ubangiji ya ta'azantar da ke.

Bangaskiyarki ba ta tafi ba. Yesu ma ya yi kuka da Li'azaru ya mutu (Yohanna 11:35), alhali ya san zai tashe shi. Zabura 88 kuma da duhu ta ƙare, amma ga ta cikin Littafi Mai Tsarki. Ki ari bakin Zabura. Ki fara da ta 13, aya shida ce kacal. Ki karanta da murya kowace safiya har mako biyu, ko zuciya ba ta motsa ba.

Watannin da suka fi ciwo su ne bayan masu gaisuwa sun watse. Ki roƙi mata biyu daga zumuntar mata ta cocinku su riƙa zuwa ranar Talata da Juma'a, domin "ki kira mu in kina bukata" ba ya aiki. Mai makoki ba ta kira. Su zo su zauna ko ba magana. Abokan Ayuba sun kyauta kwana bakwai ɗin da suka yi shiru, ɓarnar ta fara ne da suka shiga neman dalilin wahalarsa.

Kada ki ɗora wa kanki dogon azumi yanzu. In barci da abinci sun ƙi, ko tunanin kashe kai ya zo, ki gaya wa fasto, ki je asibiti a ranar.