Me ke mayar da kai Alƙahira?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bara na je Alƙahira na yi kwana biyar, tun da na dawo zuciyata na can. Bana ina so in koma, amma abokaina sun ce asarar kuɗi ce, tunda na riga na ga dalar Giza da kogin Nilu, gara in canza ƙasa. Na ji ka taɓa cewa sau bakwai ka je garin. Me kake komawa gani?
Daga wani mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In da hali, kuma ba haƙƙin iyali za ka taɓa ba, ka koma.

Zuwana na farko irin naka ne. Aka zuba mu a bas, aka kai mu Giza, aka ɗauki hoto, aka dawo da mu masauki a gajiye. Ban riƙe komai ba sai cunkoso da ƙarar hon.

A zuwa na biyu ne na fita ni kaɗai da ƙafa, tambaya ta kai ni masallacin Ibn Ɗulun, wanda aka kammala a shekarar 879. Ina tsallake ƙofa hayaniyar garin ta ɗauke ɗif, kamar an toshe mini kunne. Tsakar masallacin fili ne fetal, ba kowa sai tattabaru da wani dattijo mai tsaron wurin. Na zauna a inuwar ginshiƙi ina kallon tagogin da ke jere a saman bango, sun fi ɗari, an sassaƙa su da zane iri-iri, hasken rana na ratsowa ta ramukansu. Ƙarƙashin rufin kuma ayoyin Alƙur'ani ne da rubutun Kufi a jikin katako, sun zagaye ginin. Hasumiyarsa ta waje ake hawanta, matakalar na naɗe da ita. Daga sama za ka hango ganuwar da Salahuddin ya fara ginawa a 1176, da masallacin Sultan Hasan. A zuwana na huɗu dattijon nan ya ɗago kai ya dube ni, ya yi murmushi, ya nuna mini gindin ginshiƙin da na saba zama tun kafin in yi magana. Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido.

Shi masallacin Sultan Hasan, da aka fara gininsa a 1356, makarantu huɗu ne a cikinsa, kowace mazhaba da tata. Sai a zuwa na uku na gane haka, na nemi ƙofar ta Malikiyya na daɗe tsaye a gabanta. Haka Azhar, da aka aza harsashinsa a 970: da farko salla kawai na yi na fita. Daga baya na san cewa ɗaliban Borno suna da masaukinsu a can tun ƙarnonin baya, kuma ta wannan gari Mansa Musa, sarkin Mali, ya bi zuwa hajji a 1324. Tun daga ranar ban ƙara jin kaina cikakken baƙo ba.

In ka tashi, ka nufi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kafin zafi da iskar ƙura su shigo. Kada ka cika wa kanka jerin wurare. Ka ware yini guda cur don titin Mu'izz, ka taka shi a hankali daga Babul Futuh har Babu Zuwaila, ƙofar da aka gina a 1092. Akwai hasumiya biyu a kanta, ana bari a hau. Matakalar matsattsiya ce, ga duhu, sai kana dafa bango. Ka hau da la'asar sakaliya, ka tsaya a sama har rana ta yi ja a kan rufin gidaje. In ka isa Ibn Ɗulun kuma ka tarar da dattijon nan, ka gaishe mini da shi.