Kawu, ga abin da ke kai mu gidan tarihin girgizar ƙasa

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya. Na ji saƙon muryarka bayan hoton yaran nan da na tura. Ka ce wane irin mutane ne za su gina wa musiba gida har su riƙa kai yara kallo, kuma mu da muka san ƙaddara me muke yi a ciki. Tambayar ba ta ba ni mamaki ba, don ni ma da na zo birnin Kobe na ƙasar Japan abin da na faɗa ke nan. A gida idan abu ya faru sai a yi jaje, a ce Allah ya kiyaye gaba, a rufe zancen.

Ranar 17 ga Janairun 1995, ƙarfe 5:46 na asuba, ƙasa ta motsa daga wajen tsibirin Awaji da ke kusa da Kobe. Ba ta kai rabin minti ba, amma mutum 6,434 suka rasu, akasarinsu gini ne ko kayan ɗaki suka danne su suna kan shimfiɗa. Gadar sama ta babbar hanyar mota ta Hanshin ta kwanta a gefenta, tsawon fiye da mita 600. Unguwar Nagata, ta masu ƙananan masana'antun takalma, wuta ta cinye ta, ga 'yan kwana-kwana a tsaye amma bututun ruwa sun fashe. A 2002 aka buɗe gidan da kake tambaya a kai, wani gini na gilashi a bakin teku.

Daga sama ake fara zagayen. A shigar da ku ɗaki mai duhu, a nuna muku wannan asubar, da ƙara da rugugi har kana ji a ƙirjinka. Ƙofa na buɗewa sai ka tsinci kanka a wani layi da aka kwaikwayi yadda unguwa ta koma: gida ya durƙusa, turakun lantarki sun karkace. Ƙaramar 'yata ta riƙe mini riga ba ta saki ba sai da muka sauko. A ƙasa kuma kayan mutane ne, agogon da ya tsaya, wasiƙu, hotuna, sai tsofaffin da abin ya ritsa da su, suna zaune suna bai wa 'yan makaranta labari da bakinsu. Wata tsohuwa na saurara, rabin maganarta ban gane ba sai da ɗana ya fassara mini. Maƙwabta ne suka tono ta, da hannu da jak ɗin mota. Haka aka yi da mafi yawan waɗanda aka zaro da rai daga ƙarƙashin gini, ba hukuma ce ta fara isa gare su ba. Tun daga ranar na daina wuce tsohon da ke ƙasan benenmu da ɗaga hannu kawai. Yanzu ya san mu nawa ne a gidan da ɗakin da yara ke kwana, kuma duk Babbar Sallah yana cin namanmu.

Sun nuna sake ginin ma, kuma a nan ne nake ɗan ja da su. An gyara hanyar Hanshin kafin ƙarshen 1996, tashar jiragen ruwa ta kammala cikin kamar shekara biyu, wannan abin yabo ne. Amma mutanen da aka kwashe zuwa gidajen wucin gadi nesa da unguwanninsu, fiye da 200 sun mutu su kaɗai a ɗaki, wasu sai bayan kwanaki aka sani. Sababbin gine-ginen Nagata kuma, ka je yau ka ga shaguna da dama a rufe. Gini ya dawo, unguwar ce ba ta dawo duka ba.

Mu Hausawa a nan yankin ba mu da yawa, 'yan kasuwar mota da kayan gyara ne sai ɗalibai. Masallacin Kobe ne mahaɗarmu. An gina shi a 1935, ya tsallake bama-baman 1945, ya kuma tsallake girgizar, har mutane suka fake a cikinsa. Duk baƙon da ya zo da niyyar zama, bayan mun nuna masa inda ake sayen naman halal, sai mu kai shi gidan tarihin. Ba don yawon buɗe ido ba. Wanda ya taso a Kano ko Zinder bai taɓa jin ƙasa ta yi motsi a ƙarƙashinsa ba, komai ka gaya masa tatsuniya ce.

Ba zan kawo maka hadisin ɗaure raƙumi ba, kai ka koya mini shi. Ga dai yadda muke ɗaure namu. A bakin ƙofa akwai jaka da ruwa, tocila, rediyo, magani da dabino. Uwargida ta ƙara garin rogo da ƙuli-ƙuli. Takalmi yana kwana kusa da gado saboda fasasshen gilashi. Kabet duk a ɗaure yake da bango. Wanda ya fi yi wa matanmu ciwo shi ne jere. Amarya ta zo da tangaran da kuloli tana so ta ɗora su har rufi kamar ɗakin gida, a ce mata a'a. Tawa ba ta yarda ba sai safiyar 18 ga Yunin 2018, da girgizar Osaka ta kaɗa mu. Wayoyi suka ɗauki ƙara, kafin na gama salati yaran sun shige ƙarƙashin tebur kamar yadda ake koya musu a makaranta, farantai kuwa suka zube. Ba ta sake jere ba.

Duk 17 ga Janairu ana taruwa a filin Higashi Yuenchi tun kafin gari ya waye, a kunna kyandir cikin gorar bambu, 5:46 na cika kowa ya yi shiru. Wasunmu na zuwa, wasu na ganin bai dace ba, kuma ba ma faɗa a kai. Ni nakan je in tsaya daga baya, ba na kunna komai, daga nan in taka zuwa masallaci in yi asuba.

A gaida Inna da yara. Kuma don Allah a sa yaro ya duba bangon ɗakin soro da ya tsage, kafin damina ta faɗi.