Ni na jawo wa ɗana ciwon suga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa 9, watan jiya aka ce yana da ciwon suga irin na allura. Da farko fitsarin kwance ne ya dawo masa alhali ya daɗe da dainawa, ga shan ruwa kamar me, cikin dare sai in ji shi bakin randa, har kiyashi ke taruwa inda ya yi fitsari. Yanzu dangin babansa wai alewa nake ba shi, wasu kuma wai daga danginmu ne. Don Allah gado ne? Ƙanwarsa fa, ita ma za ta kamu? Wata uwa, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yaron lafiya. Maganar alewa ki cire ta daga ranki, wallahi ba ita ba ce. Wannan nau'i na ɗaya ne, ya sha bamban da na manya wanda ƙiba da rashin motsa jiki ke tunzurawa. Abin da ya faru, garkuwar jikinsa ce ta rikice ta afka wa ƙwayoyin da ke yin insulin, wato sinadarin da ke daidaita sugan jini. Suna cikin fankiriyas, wani ɗan nama ne a bayan tumbi, kuma an daɗe ana wannan yaƙin a ɓoye, wata da watanni wani sa'in shekaru, kafin ki ga fitsarin nan. Shaidarsa tana cikin jini, ana gano wasu antibodi, wato makaman garkuwar jiki, da jiki ya ƙera kan kansa, sanannun su ne GAD65 da IA-2 da ZnT8 da kuma na insulin ɗin kansa.

Gado kuwa akwai hannunsa amma ba yadda suke faɗa ba. Wasu ƙwayoyin gado da ake kira HLA, a kan kuromozom na 6 (ɗaya daga zaren da ke ɗauke da gado), musamman nau'in DR3 da DR4, su ke sa yaro ya fi saurin kamuwa, kuma rabi daga uwa rabi daga uba ake samunsu, to ina dalilin ɗora wa gida ɗaya? Mutane da yawa na ɗauke da su har su tsufa lafiya lau. Kusan yara 9 cikin 10 da ke kamuwa babu mai shi a gidansu, ko tagwaye masu kama ɗaya ma sau da yawa Hassan na da shi Hussaini ba shi da shi.

Ƙanwarsa haɗarinta kamar 1 cikin 15 zuwa 20 ne, wato mafi rinjaye ba za ta kamu ba in sha Allah. Gwajin antibodi yana ƙara haske, yaron da aka samu da antibodi iri biyu ko fiye kusan 70 cikin 100 kan kamu cikin shekara 10, sai dai gwajin na da tsada kuma ba kowane asibiti ke yi ba. A Amurka a 2022 an amince da wani magani, teplizumab, mai jinkirta bayyanar ciwon kamar shekara 2 ga wanda bai riga ya bayyana masa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne masu zuwa da jiƙo su ce a daina allura. Kada ki yarda ko na kwana ɗaya, jikinsa ya daina yin insulin, yana iya suma. In ba wutar firiji ki sa kwalbar insulin ɗin a leda ki ajiye cikin tukunyar ƙasa mai sanyi. Ƙanwar kuma in kin ga ƙishirwa, yawan fitsari ko rama, ranar nan ki kai ta a tsaga yatsa a auna sugan.