Amsa: Ko zogale na rage gajiya da gaske?

Malam, ka tambaya ko an taɓa gwada zogale a ga yana rage gajiya. E, an gwada, amma galibi a jikin ɓeraye, kamar yadda aka sha yi da ginsen, wata saiwar magani ta ƙasar Sin da Koriya.

Ana raba ɓerayen rukuni-rukuni. Wasu a riƙa ɗura musu tataccen ruwan ganyen kullum har makonni, wasu ruwa zalla. Sannan a ɗaura wa kowanne ɗan dalma a wutsiya, a saka shi a tankin ruwa, ana kallon agogo don a ga rukunin da zai fi daɗewa yana iyo. In ya nutse ya kasa ɗago hanci kusan daƙiƙa 10, to ya gaji, sai a tsamo shi. Daga baya a auna sinadarin laktik a jininsa, wanda ke ƙaruwa in tsoka ta yi aiki tuƙuru, da sukarin da hanta da tsoka suka adana.

Sai dai ɓeran nan tsoron nutsewa ne ke tura shi, kuma maganin gwargwadon nauyinsa ake auna masa, ba da kofin shayi ba. Ka ci gaba da cin kwaɗonka, amma gajiyar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ka je asibiti a auna jininka.