Tambaya da Amsa: Madubin ganin dare na hazo, oba-oba kuma ba ta kai nisa

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ƙaramin soja ne ɗan unguwar Nima a Accra, Ghana, kwanan nan aka maido ni sito inda muke ajiye madubin ganin dare da oba-oba, wato rediyon hannu na magana. Tun da damina ta sauka wasu madubin in an kunna sai hazo-hazo da ɗigon baƙi a ciki, oba-oba biyu kuma magana ba ta kai nisa kamar da. Abokina ya ce in kai wa masu gyaran waya a Circle, kasuwar wayoyi ta nan Accra, su buɗe su goge. Ya kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Don Allah kar ka kai Circle, ba don ba su iya aikinsu ba, kayan gwamnati ne da lambarsu a rubuce, kuma madubin nan a rufe yake ruf an ɗura mai iskar naitirojin don kar danshi ya shiga, ranar da aka kwance shi a teburin kasuwa toh ya gama yawo. Ka rubuta matsalar ka kai wa sajenka a miƙa wa injiniyoyin bariki.

Abin da ke cikin madubin wani ɗan bututu ne mai karɓar hasken wata da taurari ya mai da shi lantarki, ya ninka shi sau dubbai sannan ya haska maka koren hoton nan da kake gani. Shi ya sa haske mai ƙarfi ne babban makashinsa. Wani sai ya kunna da rana wai yana gwadawa, ko ya kalli fitilar mota da shi, daga nan tabo ya zauna. In gwaji ya kama da rana a bar murfin gaban a rufe, ƙaramar hudar da ke jikinsa ta isa. Ɗigon baƙi 'yan kaɗan wasu da su ake ƙero shi, amma wanda ke ƙaruwa, ko ɗigo mai ƙyalli da ba ya ɓacewa ko ka rufe gilashin da tafin hannu, wannan na rahoto ne.

Hazon kuwa gaskiya na fi zargin ajiya. Accra bakin teku ce, iskarmu ga danshi ga gishiri, yaro ya dawo sintiri da asuba a gajiye ya cusa madubi a jaka da raɓa da zufa ya zuge zif, haka zai kwana yana jiƙa. A bar shi ya sha iska a inuwa tukuna, a sa 'yan ƙullin silika masu tsotse danshi a jakar, kuma a cire batir, wannan kam kar a yi wasa da shi. Madubai irin su samfurin PVS-14 batirin AA ɗaya tak suke ci, amma in ya zubar da ruwa a ciki sai ya cinye ƙarfen. Gilashi kuma a fara hure ƙurar kafin a goge da takardarsa, musamman da hunturu, bakin riga karce shi yake yi.

Oba-oba fara duba eriya, yawanci can matsalar take saboda masu ɗaukarta ta eriya kamar wutsiyar ɓera, gindin ya saki ko ya yi tsatsa. Kuma kar a kuskura a danna maɓallin magana ba eriya a jiki, ƙarfin da ya kamata ya fita komawa yake ciki ya ƙona ta. Goge bakin batir da busasshen ƙyalle, wanda ya kumbura a fitar da shi gefe, wanda za a daɗe ba a taɓa ba a ajiye shi da rabin caji a wuri mai sanyi. In an ɗauke wuta, wato dumsor ɗinmu na Ghana, zare caja daga soket, sai wutar ta dawo ta daidaita ka mayar.