Ɗaliba daga Sin za ta sauka a gidanmu

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana malami ne a Jami'ar Ahmadu Bello, muna zaune a Samaru. An roƙe mu mu sauki wata ɗaliba daga ƙasar Sin da za ta zo ƙaro Hausa na wata 6. Na amsa, amma gabana na faɗuwa. Me zan shirya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kwantar da hankalinki, ɗaki da katifa ba su ne wahalar ba. Abin da na ga yana ɓata irin wannan zama shi ne kara. Haƙƙin baƙo kwana 3 ne, ita kuwa wata 6 za ta yi. In kika ɗauke ta baƙuwa har ƙarshe, kina dafa mata nata daban, kina haɗiye abin da ya dame ki, kafin wata 2 kin gaji, ita kuma ba ta san laifinta ba, domin ba ta iya karanta shirun Bahaushe.

Saboda haka ku zauna tun makon farko, ke da Malam da ita. A faɗi kuɗin abinci, nawa ne, wa zai biya, jami'a ko ita. A faɗi lokacin rufe ƙofa, da irin suturar fita unguwa, da cewa giya da naman alade ba sa shigowa gidan. Ba za ta ji haushi ba, sauƙi ma za ta ji. Maganar biza da izinin zama kuwa aikin jami'a ne da hukumar shige da fice, Malam ya tabbatar an kammala.

Lafiya ita ce inda ba na wasa. Jikinta bai saba da zazzabin cizon sauro ba, don haka gidan sauro wajibi ne, kuma ko zazzabi kaɗan ta yi, a kai ta asibiti a gwada jini ranar, kada a tsaya sayen magani a kemis. In zamanta zai kai Maris da Afrilu, a tambaya ko ta yi rigakafin sanƙarau. Ruwan sha a tafasa. Kada ki yi mamaki in ta nemi ruwan zafi tsakar rana, al'adarsu ce.

Sai babban abin da ya kawo ta. Yaranki za su so gwada Turancinsu a kanta, ki hana. Nahawu ta riga ta koya a aji, abin da ba ta da shi shi ne Hausar tsakar gida. Ki aike ta kasuwar Samaru ta yi cinikin tumatir, ta tuƙa tuwo, ki tafi da ita suna da biki, ki nuna mata ba a miƙa abu da hagu. In Sallah ta riske ta, a kai ta cikin birni kallon hawa a ƙofar fadar Sarkin Zazzau. Galibin ɗaliban Hausa daga Sin da sunan Hausa suke zuwa. In ba ta da shi, ki bar wa tsohuwar gidan ta raɗa mata.